Basira Mai Faranti

Shagon 'ya'yan Malam Sodangi yana bakin babban titin Kankiya, tsakanin kemis da wani mai sayar da taki da maganin feshi. Mahaifinsu ne ya buɗe shi tun zamanin da buga takarda a kwamfuta abin zuwa kallo ne. Da tsufa ya zaunar da shi a gida, sai ya danƙa shagon a hannun babban ɗansa Bishir da 'yarsa Basira.

Bishir mai gyara ne. In ka kawo masa laftof da ta mutu murus, zai kwance ta a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, kafin la'asar ka ji ta tashi. Basira kuwa ita ce a gaba. Ita ke buga wa mutane takardu a tsofaffin kwamfutocin tebur da suka gada, ita ke ciniki, ita ta san wane ɗalibi ne ke neman laftof ta hannu, wane ma'aikacin sakatariya ne kuma tasa ta fara ba shi wahala.

Kasuwar tana motsi, amma ba wani motsin kirki ba. Masu sayen laftof a garin sanannu ne: ɗaliban da suka samu makaranta a Katsina ko Dutsin-ma, da ma'aikata, da wasu 'yan malamai. Kwamfutar tebur kuwa an daina ma tambayar ta, don wa zai sayi abin da in an ɗauke wuta ya zama kayan ado? Abin da ya fi tsaya wa Basira a rai shi ne mutanen da ke shigowa su fita hannu rabbana. Manomi zai shigo bayan ya sayar da riɗinsa, ya tsaya gaban laftof yana kallo da sha'awa, da an buɗe masa ita ya ga jerin madannai, sai ya ja da baya yana dariya, ya ce wannan sai 'yan boko.

Wata rana Bishir ya faɗi a kan mashin ya yi targaɗe, daidai lokacin da kaya suka ƙare a shago. Dole Basira ce za ta je Kano saro. Mijinta Malam Hafizu, wanda ke koyarwa a wata sakandare a Kusada, shi ya raka ta ranar Asabar. Suka sauka a shagon Alhaji Zainul Abidin a kasuwar waya, dattijon da tun mahaifinsu wurinsa ake sari.

Ana cikin zaɓen laftof, idon Basira ya kai kan wasu kwalaye da aka jibge a lungu.

"Alhaji, waɗancan fa?"

"Tab ce," in ji shi, yana yatsine fuska. "Wata makaranta ta sa na kawo, daga baya suka sake shawara. Sun zame mini kaya. Mutanen birni duk wayoyinsu sun ishe su."

Ta ce a ciro mata ɗaya. Ta juya ta gaba da baya. Faɗinta kamar littafin makaranta, ba nauyi, ba madannai, ga wurin sa layin waya. Ta taɓa da yatsa, hoto ya buɗe ya cika fuskar. Ta tambayi daɗewar batirin, aka faɗa mata. Ta tambaya ko ƙaramar sola za ta iya caja ta, Alhaji ya ce abin da ke caja waya shi ke caja ta. Ta juya ta kalli Hafizu.

"Na san wannan kallon," Hafizu ya ce. "Ni dai ba ni zan yi wa Yaya Bishir bayani ba."

Ta rage yawan laftof ɗin da aka aike ta sarowa, ta cike gurbin da kwali guda na tab.

Bishir yana zaune a shago ƙafarsa naɗe a kan benci lokacin da aka shigo da kayan. Ya buɗe kwalin, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Mi ne ne wannan?"

"Tab ce, Yaya."

"Na san tab ce. Wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni. Gani na yi za ta shiga."

"Ta shiga ina? Abin nan shi ba waya ba, shi ba kwamfuta ba. Aljihu ba ya ɗaukar sa, ɗalibi ba zai rubuta furojet da shi ba, ma'aikaci ba zai yi aikin ofis da shi ba. Wa kika saro wa?"

"Waɗanda ba ɗalibai ba, ba ma'aikata ba."

"To su ai ba su sayen kwamfuta."

"Shi ya sa," in ji Basira.

Bishir ya girgiza kai, ya rufe kwalin.

Kuma da farko kamar shi ne mai gaskiya. Basira ta jera tab a cikin gilashin gaba, kullum da safe ta goge su. Samari su shigo su taɓa, su yi wasa da su, su ce ai da kuɗin gara mutum ya ƙara ya sayi waya mai kyau. Ɗalibai su tambayi laftof, a ce ta ƙare, su tafi wani shagon. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, don ta san da ba ta rage sarin ba da cinikin nasu ne. Mai maganin feshi na maƙwabtaka kullum sai ya leƙo ya tambaye ta ko madubanta sun fara tafiya. Damina ta wuce, aka shiga kaka, kwalin bai ragu da ko ɗaya ba. Bishir, wanda ƙafarsa ta warke, ya ce in ya tashi zuwa Kano zai mayar da su ya roƙi Alhaji ya canza masa da laftof, ko da asara.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a Mawashi, wani ƙauyen Kusada, a gidan Goggo Mairama, ƙanwar mahaifinsu. Ranar suna Basira ta shirya, har ta kai bakin ƙofa sai ta dawo ta ɗauki tab ɗaya ta sa a jaka, da niyyar ta ɗauki hotuna da ita. Ta ce ko ba komai ta more ta kafin a mayar.

Gidan ya cika da mata. Bayan an ci waina an sha fura, ta ciro tab ta fara ɗaukar mai jego da jaririya. Da ta juyo da fuskar don su gani, sai mata suka yo caa a kanta. A waya, hoto na mutum ɗaya ne, sai a yi ta miƙa wa juna ana ƙanƙance ido. Wannan kuwa duk wadda ke kan tabarmar tana gani daga inda take zaune. Aka yi ta shewa, kowa na neman kanta.

Goggo Mairama tana gefe a kan kujerar tsugunno. Idonta ya fara yana, shekara biyu ke nan ba ta iya zura zare a allura.

"Ɗiyata, mi na wanga faranti da kuke ta ihu kansa?"

Mata suka fashe da dariya. Basira ta matso ta durƙusa kusa da ita, ta nuna mata hoton jaririyar, ta sa yatsu biyu ta buɗe shi har fuskar ta cika gilashin. Goggo ta matso da kai, ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah. Na gan ta. Har hancin na gani."

Nan take wani tunani ya zo wa Basira. Autan Goggo, Idi, yana Fatakwal yana sayar da albasa, ya yi aure can, an haifa masa ɗiya an sa mata sunan Goggo. Yarinyar har ta fara tafiya, kakarta ba ta taɓa ganin ta ba. In an kira a waya an kanga mata, sai ta ce inuwa kawai take gani tana motsi.

Basira ta cire layinta daga waya ta sa a tab. A gidan ba a samun sabis sai a bayan ɗaki kusa da rumbu, don haka can aka kai wa Goggo kujerarta, mata suka biyo su da zannuwan biki. Aka kira Idi da bidiyo. Ya ɗaga yana tsakiyar buhunan albasa, aka ce ya ruga gida. Aka jira, aka sake kira. Sai ga yarinya a kan cinyar uwarta, tana miƙo hannu za ta cafke wayar.

Goggo ta riƙe tab da hannu biyu. Ta ƙare wa yarinyar kallo.

"Kunnuwan Yaya Sodangi ne," ta ce. "Wallahi su ne. Ku duba, ku duba yadda suka tashi!"

Sai ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta yi ta kiran takwara, takwara, yarinyar na bangala mata baki da haƙora biyu. Idi daga can ya juya baya yana goge ido da hularsa. Har matan da ba su san shi ba sai da suka yi ƙwalla.

Da la'asar Basira ta zo yin sallama, ta miƙa hannu za ta karɓi kayanta. Goggo ta tura tab ƙarƙashin cinyarta.

"Wanga faranti nan zai kwana."

"Goggo, na shago ne. Yaya zai mayar da su Kano."

"Ya mayar da sauran. Ina da tunkiya, gobe a kai ta kasuwa. Ke dai nuna mani inda ake taɓawa."

Basira ta zauna ta koya mata, ta ce za ta bar mata layinta a ciki har a sayo mata nata. Ta sa hoton Idi a gaban gilashin, ta ce nan kaɗai za ta taɓa. Ta gwada mata yadda za a jona ta da ƙaramar solar da suke kunna ƙwan lantarki da ita. Goggo, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko, ta kira ɗanta da yatsanta har sau biyu kafin Basira ta hau mashin.

Da ta ba Bishir labari, ya ce, "Goggo ai tamu ce. Ɗaya ke nan, kuma ta gida."

Kafin mako ya zagayo, wata tela daga Mawashi ta zo shagon da mijinta. Ta ga farantin Goggo, tana son irinsa don ta riƙa nuna wa masu kawo ɗinki samfurin riguna, maimakon tsohon kalandar da ta liƙa a bango. Bayanta sai wani malamin Islamiyya, wanda ƙananan rubutu suka fara gagarar idonsa, ya ji an ce a nan ana ƙara wa harafi girma yadda mutum ke so. Sai wani dattijo mai 'ya'ya biyu a Legas. Dukansu daga ƙauyukan Kusada suke, kuma duk cikinsu ba wanda ya taɓa tunanin mallakar kwamfuta.

Hafizu ne ya ce, "Tunda masu sayen can suke, mi ya sa kike jiran su a Kankiya? Ranar kasuwar Kusada ki biyo ni."

Haka aka yi. Ta samu gefen rumfar wani mai yadi, abokin Hafizu, ta kafa ɗan tebur, ta jingina sola a rana. Ba ta yi wa kowa zancen girman memori ko ƙarfin inji ba. Duk wanda ya tsaya, tambaya ɗaya take yi masa: mi kake son gani? Mai ɗan'uwa a nesa ta kira masa shi. Manomi ta nuna masa hoton tsutsar da ke cin masara, ya ce wallahi ita ce ta gama da gonarsa bara, ta kunna masa bayanin maganinta da Hausa, mutane suka taru a bayansa suna saurare. Wani Bafulatani mai shanu ya sa ta bi shi kara inda ake cinikin shanu, ta ɗauki bijiminsa, ya ga yadda tozon ya fito a gilashi, ya ce da wannan zai riƙa nuna wa dillalan kudu dabba tun kafin a ɗora ta a mota. Matan da ke sayar da nono da man shanu a bakin rumfar su suka raɗa mata suna. In wani ya tambaye su, sai su nuna da baki su ce, ga Mai Faranti can.

Kwalin ya ƙare kafin a gama sussukar dawa. Bishir da kansa ya buga wa Alhaji Zainul Abidin waya ya ce a ɗoro wani a mota. Mai maganin feshi ma ya shigo wata safiya yana sosa ƙeya, ya ce a ba shi madubi ɗaya, manoma sun dame shi da cewa a Kusada ana nuna musu ƙwari a hoto.

Sai da zafi ya shigo sannan abin ya juya.

Wata ranar kasuwa Basira ta iso ta tarar da mutane suna jiran ta, amma ba da fara'a ba. Wannan ya ce tasa ta daina caji. Wancan gilashin ya tsage, jikansa ya zauna a kai. Telar Mawashi ta turo mijinta da tata a cikin leda. Wani manomi daga ƙauyen Ƙofa, dogo mai babbar murya, ya ajiye tasa a kan tebur da ƙarfi.

"Kayan wasan yara kika saida muna! Wake na saida na saya, ko wata uku ba ta yi ba. Ku jama'a, kowa ya riƙe kuɗinsa!"

Kasuwa ta juyo tana kallo. Masu nono suka sunkuyar da kai. Basira ta daure ta ba kowa haƙuri, ta karɓi duk waɗanda suka lalace, ta ce a ba ta zuwa kasuwa mai zuwa. Ranar ko ɗaya ba ta sayar ba. Ta hau bayan mashin ɗin Hafizu rungume da buhun matattun tab, suka koma Kankiya.

Ta ajiye buhun a gaban Bishir, ta ba shi labarin abin da ya faru a kasuwa. "Ka faɗa tun farko, Yaya. Ga shi na jawo mana zubar da mutunci."

Bishir ya kwance bakin buhun. Ya ciro ɗaya, ya kai ta ƙarƙashin fitilar teburinsa, ya leƙa bakin cajin. Ya ciro ta biyu, ya leƙa. Ya ɗauko abin ɓamɓarewa ya buɗe bayanta.

"Ina suke kai su caji?"

"Masu sola suna yi a gida. Sauran wurin masu cajin waya."

"Shi ke nan. Ana cusa masu kowace irin igiya da ƙarfi, bakin ya karye. Injin lafiyarsa lau." Ya ɗago ya dube ta. "Ke, share hawayenki. Ni ban taɓa ganin mutum ya sayar da wakensa ya shigo harkarmu ba sai a hannunki. Mutanen nan ba za mu sake su ba."

Washegari ya tafi Kano ya dawo da bakunan caji da gilasai. Ya ture laftof ɗin da ke jiran gyara gefe, ya duƙufa. Ita kuma Basira ta ɗauki tab ɗaya ta nufi unguwar dukawa wurin Shehu baduku, wanda ke ɗinka kube da jakunkuna. Ta ce tana son riga ta fata, mai kauri a kusurwoyi, da marfi, da igiyar ratayawa. Shehu ya auna da zare, ya ce bai taɓa ɗinka wa kwamfuta riga ba, amma ba abin da zai gagara.

Ranar kasuwa ta zagayo, mashin biyu suka shiga Kusada. Bishir ya kafa nasa teburin kusa da na ƙanwarsa, ya baje kayan aikinsa, ya jona abin narka dalma da batir. Basira ta fara kiran masu kaya ɗaya bayan ɗaya. Kowa aka miƙa masa tasa tana aiki, sanye da jar rigar fata, da igiyar caji tata ta kanta da aka ɗaura wa zare mai launi, aka ja masa kunne kada ya yarda a sa mata wata.

Manomin Ƙofa ya zo a ƙarshe, fuska a ɗaure. Tasa Bishir ya bari da gangan. A gabansa ya buɗe ta, ya nuna masa ɗan ƙarfen da ya karye, ya cire, ya sa sabo, hayaƙin dalma na tashi. Jama'a suka kewaye su. Da aka jona igiya gilashin ya kawo haske, wani daga baya ya yi kabbara. Manomin ya juya tab ɗin cikin rigarta, ya shinshina fatar, ya rataya a wuya.

"Duk ranar kasuwa kuna nan?" ya tambaya.

"In Allah ya yarda," in ji Bishir.

Mutumin ya juya wajen jama'a da muryar nan tasa da ta kusa kashe masu kasuwa. "To ku ji! Ni na yi magana rannan, ni kuma na janye. Wanda ya saida maka kaya ya biyo ka da gyara har garinku, ba macuci ba ne." Ya dubi Basira. "Hajiya, ki yi haƙuri. A ba ni wata, ta ƙanena ce."

Daga ranar kasuwar ta buɗe fiye da da. Abin da bai zo wa Bishir a rai ba shi ne yadda laftof ma ta samu hanya. Wani malamin firamare ya zo zai sayi tab, Basira ta tambaye shi aikin da zai yi da ita, ya ce buga tambayoyin jarrabawa. Ta ce masa wannan ba aikin faranti ba ne, ya matsa teburin Yaya. Ya tafi da laftof yana godiya. Gidajen da tab ta shiga kuma, 'ya'yansu da suka gama sakandare sun saba da taɓa na'ura, in za su wuce makaranta ta gaba iyayen ba su ƙara jin tsoron sayen kwamfuta ba, kuma sun san wurin wa za su zo. Kafin wata kakar, sai da suka kama shago na kansu a bakin kasuwar Kusada, suka ɗora sola a kan rufin. Shehu baduku ya bar ɗinkin kube, rigunan faranti kawai yake yi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, shagon a cike, wata farar mota ta tsaya a bakin hanya, 'yan acaba suna kauce mata. Basira tana koya wa wata tsohuwa inda za ta taɓa, sai ta ji ana tambayar masu nono ina ne shagon 'ya'yan Sodangi. Suka ce ba su san shi ba. Aka ce mai sayar da tab. Suka ce, au, Mai Faranti, ga ta can.

Alhaji Zainul Abidin ne da kansa, da babbar riga, yana tsallake kwandunan tumatir.

Bishir ya miƙe da sauri ya ba shi kujera. Basira ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi hanya da iyali, aka kawo masa fura mai sanyi. Ya sha, ya ajiye kofin, ya yi ta bin shagon da kallo: mai rawani yana gwada karatu, wasu 'yan mata na zaɓen launin riga, wani makiyayi da sandarsa a kafaɗa yana jiran a gama masa gyara.

"Na zo in gani da idona ne," ya ce. "Duk masu sari a wurina, har na cikin birni, ba mai ɗaukar tab kamar ku. Na ce wace irin makaranta ce aka buɗe a Kusada? Ashe ba makaranta ba ce."

"Mutanen gari ne, Alhaji," in ji Bishir. "Ita ta gano su. Ni da farko cewa na yi a mayar maka."

Alhaji ya yi dariya, sannan ya gyara zama ya fuskanci Basira. Ya ce wata mai kamawa zai yi odar kaya daga waje, kuma wannan karon masu ƙerawa sun ce ya faɗi yadda yake so a yi masa. Shi kuwa bai san abin da zai faɗa ba.

"Ke kika san masu sayen. Mi suke so?"

Basira ta dubi yayanta. Ya ɗaga mata kai.

"Batir dai, Alhaji, ya fi komai. Ko za ta yi nauyi ba su damu ba, ba aljihu za ta shiga ba. Sai murya, a ƙara mata ƙarfi, don ba mutum ɗaya ke saurare ba, gida guda ne. Gilashin ya zama ana gani ko a rana, a gona ake buɗe ta. Kuma ta ja sabis sosai, wasu sai sun fita bayan gari suke samu."

"Bakin cajin kuma a yi shi da ƙwari," Bishir ya ƙara. "A haɗo mana da na canji a kowane kwali."

Alhaji ya sa ta maimaita, ya ɗauki muryarta a wayarsa don kada ya manta. Ya ce in kayan sun iso, duk mai so daga wannan yankin har zuwa Ingawa da Charanci, ta hannunsu zai saya, shi ba zai ba kowa ba. Basira ta buɗe baki za ta yi godiya, sai tsohuwar da ta bari ta jawo gefen hijabinta.

"Ɗiyata, ya ɓace. Na taɓa wani wuri, yaron ya ɓace."

"Alhaji, a yi mini afuwa," in ji Basira.

"Je ki, je ki," ya ce yana naɗe hannun riga. "Bishir, taso mu buɗe but. Na taho maku da kwali huɗu, da na san haka wurin yake da na ciko motar."

Suka fita, jama'a na buɗe masu hanya. Basira ta durƙusa kusa da tsohuwar, ta kama yatsanta a hankali ta ɗora a kan gilashin. Fuskar wani saurayi cikin kakin soja ta dawo, yana ta kiran Inna, Inna, kina ji na?